Abin da Aka Tambayi Haulatu a Daura

A Unguwar Kabo, wani ɗan ƙauye da ke bayan Sandamu, in ka ce Haulatu sai a tambaye ka wacce, amma in ka ce Mai Randa kowa zai nuna maka gidan. Tsohuwa ce siririya, mai saurin tafiya da ƙarancin magana. Sana'arta ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, sai dai ba da su aka san ta ba. An san ta ne da wata randa da ta girke a gindin darbejiyar makarantar firamaren garin, wadda take cikawa kullum da safe kafin yara su iso. Ba wanda ya sa ta, ba wanda yake biyanta. Mutane suna cewa lada take nema. Ladan tana so mana, wa zai ƙi shi, amma ba shi kaɗai ke fitar da ita da tulu a ka ba. Hedimastan makarantar, Malam Zakiyyu, ɗanta ne na fari.

Daga wajejen Mashi aka kawo ta amarya gidan Audi, mai fataucin awaki da tumaki. Da ta haihu, kakan yaron, wanda malami ne, ya zaɓo masa sunan da ba a taɓa ji a garin ba, Zakiyyu. Ranar suna mata suka yi ta gwada sunan suna dariya, harshe yana harɗe musu. Haulatu kaɗai ba ta gwada ba, don ba a yi mata wannan izinin ba. Al'adar mutanenta ce: uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta ma nuna ta san da zamansa. Ana yaye shi Nana, uwar mijinta, ta ɗauke shi zuwa ɗakinta.

Kowace mace a garin ta yi wannan kunyar, amma yawancinsu da shekaru suka tura sai su sassauta, a yi ta raɓe-raɓe har a saba. Haulatu ce ta riƙe abin da hannu biyu. Tsofaffi suka yi ta yabonta, a ce wa amare su je su koyi kunya wurin matar Audi. Wannan yabon shi ya cuce ta. Duk ranar da ta ji kamar ta jawo yaron jikinta, sai ta tuna ana kallonta. Wata rana yana ƙarami ya faɗo daga kan jaki, goshinsa ya fashe, aka shigo da shi yana ihu. Tana daka a tsakar gida, ba ta ajiye taɓaryar ba, ba ta waiwaya ba. Sai da aka ɗaure masa kai, kowa ya watse, ta zagaya bayan rumbu ta yi ta kuka. Da yamma aka sake yabonta.

Yaron ya taso yana jin gwaggonsa Maiturare, ƙanwar Audi, tana ce wa Haulatu Yaya, shi ma ya kama. Ba wanda ya gyara masa. Ya tafi Daura karatu wurin baffansa yana ce mata Yaya, ya dawo da gemu yana ce mata Yaya. Ita kuwa tun yana yaro sai ta ce "wancan", da ya zama malamin makaranta ta samu sauƙi, ta koma ce masa Malam kamar kowa.

Bayansa ta haifi mata biyu, Murjanatu da Lami, su ne ta goya ta yi wa kitso ta zaga ta lallasa son ranta. Aure ya kwashe su, ɗaya Kano, ɗaya cikin Nijar. Nana ta rasu, Audi ya bi ta. Gidan da a da ba ka jin maganar na kusa da kai saboda hayaniya ya koma daga Haulatu sai awaki da wata rediyo mai shaƙaƙƙiyar murya. Zakiyyu, wanda ya yi gida a Sandamu da iyalinsa, ya aiko Maiturare ta ce mata an gyara mata ɗaki. Ta ce a yi masa godiya. Ta yaya za ta zauna gidan ɗan fari, ta ci tuwonsa, ya ga tana tauna? Maiturare ta ce, "Yaya, wallahi kunyar nan taki ta zama ciwo." Haulatu ta ci gaba da murza ƙuli-ƙulinta.

Sai Allah ya yi mata gata ta inda ba ta zata ba: aka turo shi ya riƙe makarantar garinsu. Bai yi mako da fara zuwa a kan babur ɗinsa ba randa ta bayyana a gindin darbejiya. Daga nan gindin bishiyar ana jin muryarsa in yana yi wa yara magana a layi. In ya gama sai ya tako, ya ɗan rusuna.

"Yaya, ina kwana?"

"Lafiya lau, Malam."

Ya ɗauki moɗa ya sha, ya ce an gode, ya koma ofis. Shi ke nan fa. In wani ne sai ya ce wannan ai ba komai ba ne, amma Haulatu da shi take wuni. Ta san ranar da bai yi barci sosai ba, ta san ranar da matarsa ta ɓata masa rai, ta ga furfurar farko da ta fito masa a gefen kunne, duk ta gefen ido, tana yi kamar murfin randa take gyarawa.

Ba randar kaɗai ba ce. Wata shekara ƙasan azuzuwan ya farfashe, yara suna zama cikin turɓaya, tari ya kama su. An kai kuka sama, shiru. Haulatu da ba ta iya haɗa magana uku a taro ta bi gida-gida ta tara mata, aka yi daɓe irin na da, wanda ake yi wa ɗakin amarya. Aka zuba tsakuwa, aka yayyafa ruwan makuba, wato jiƙon ɓawon ɗorawa, mata suka durƙusa da madaɓai suna bugu suna waƙa har ƙasan ya yi sumul yana ƙyalli. Matan suka yi ta tsokanarta wai ɗakin wa ake gyarawa haka. Ta ce na yara ne. Duk shekara bayan damina sai a sake shafa makuba, har ya zama al'adar garin, ko da yake matan suna ta raguwa, wasu sun tsufa, wasu sun riga mu gidan gaskiya.

Yaran ma raguwa suke. Tun da aka gyara hanya, masu hali suka koma kai 'ya'yansu babbar makarantar Sandamu. Magana ta fara yawo cewa za a haɗe ƙananan makarantu da manya, a rarraba malamansu inda ake da buƙata. Haulatu ta ji a bakin rijiya. Ranar sai da ta zubar da rabin tulun a hanya. Ta san abin da hakan yake nufi. In aka rufe makarantar, to an rufe mata gaisuwar safe, kuma ba ta da wani dalilin da za ta fake da shi ta gan shi.

Ana cikin haka Maiturare ta shigo wata yamma tana ɗingishi, ta zube a tabarma.

"Ɗanki ya aiko ni."

"Malam?"

"To wa kike da shi bayan shi? Wai wata gidauniya ce za ta ba da kyauta ga makarantun da mutanen gari suke taimaka wa. Za a yi taro a Daura a yi bayanin yadda ake nema. Ya ce duk makarantar da ta ci, da wuya a rufe ta. Kowane hedimasta zai je da mutum ɗaya daga cikin gari, wanda ya fi kowa sa hannu."

"Ya tafi da mai unguwa mana."

"Mai unguwa ya taɓa ɗaukar madaɓi? Ke ya ce. Ni da zan raka ki, kin ga ƙafar nan."

Haulatu ta auna abin a ranta. Taro take tsoro, birni take tsoro, amma duk ba su kai tsoron a rufe makarantar ba. Ta ce za ta je, sai dai ba za ta hau babur ɗinsa ba. Maiturare ta ce ai da ma ta sani.

Ranar taron ta yi wa randa cikar wuri, ta ɗaura atamfar da Lami ta aiko mata, ta shiga motar haya daga Sandamu. Rabonta da Daura tun Audi yana da rai, lokacin da ya kai ta ta ga rijiyar Kusugu. Zakiyyu yana jiranta a ƙofar zauren taron, ya yi gaba ta bi shi a baya da 'yar tazara.

Zauren cike yake da hedimastoci cikin manyan riguna, kowa da nasa mutumin: masu unguwanni, limamai, wani ma da ɗan kasuwa mai tumbi. Suna ta gaisawa suna tafawa, kowa ya san kowa. Mata ba su da yawa, su ma 'yan boko ne masu jaka. Haulatu ta zauna a kujerar roba, ta bar kujera guda tsakaninta da ɗanta. Aka ba ta ruwan gora ta riƙe shi a cinya ba ta buɗe ba. Ba ta taɓa jin kaɗaici a gidanta na awaki kamar yadda ta ji shi cikin wannan taron ba.

Wata matashiya mai fara'a, Malama Siddiƙa, ita ke bayani da abin magana a hannu, ana haska hotuna a bango. Ta ce kyautar ba ta ginin da ya fi kyau ba ce, ta makarantar da ita da mutanen gari suka zama abu ɗaya ce. Ta ce a rubuto aikin da aka yi tare, a haɗo da hotuna, a kawo kafin babbar Salla, daga baya za a zo a gani da ido. Haulatu tana fahimtar wani, wani yana wuce ta. Sai Malama Siddiƙa ta ɗaga yatsa.

"Sharaɗi guda dai, don Allah. Wanda zai tsaya wa gari kada ya zama ɗan'uwan hedimasta, na jini ko na aure. Bara wani da surukinsa ya zo mana, wani da ƙanin matarsa."

Zaure ya ɗauki dariya, kuma waɗanda suka fi kowa dariyar, in ka lura, su ne waɗanda suka yi kama da na kusa da su. Haulatu ba ta yi dariya ba. Ta saci kallon Zakiyyu, ta ga ya kafa wa takalminsa ido. Bai san da sharaɗin ba, ta gani a wuyansa. Kuma ta san abin da yake lissafawa, don ita ma shi take lissafawa: Unguwar Kabo kaf jikokin mutum ɗaya ne, in aka bi dangi babu wanda zai tsira, daga mai unguwa har mai kiwon awaki. Ita ce ma baƙuwa a garin. A takarda kuwa shi Zakiyyu Audi ne, ita Haulatu Usman. Ba mai haɗa su.

Aka ce kowace makaranta ta tashi ta gabatar da kanta a taƙaice. Da aka zo kansu Zakiyyu ya miƙe, ya yi bayanin randa da daɓe. Idon Malama Siddiƙa ya yi haske. Ta tako har inda suke, ta durƙusa gaban Haulatu kamar 'yar da ta samu tarbiyya.

"Inna, daɓe da makuba? A aji? Wallahi tun safe irin wannan nake jira in ji. Wannan shi ake nema." Ta miƙa mata abin maganar. "Gaya mana, ya sunan hedimastan naku?"

"Malam," in ji Haulatu. Muryarta ta fito ta lasifika ta ba ta tsoro.

Aka yi dariya. Wani dattijo a baya bai yi ba, ya dai gyara zama yana kallonta.

"Malam wa, Inna?"

"Malam dai."

Malama Siddiƙa ta yi murmushi, ta ɗauka ruɗewar ƙauye ce. "To ba komai. Babu dai wata dangantaka tsakaninku, ko?"

Tambayar wucewa ce, ta riga ta fara miƙewa. Kalma ɗaya ake jira, kuma Haulatu ta fi kowa a zauren nan iya ta. Ai rayuwarta duka ita ta yi ta nunawa: da taɓaryar da ba ta ajiye ba, da kujerar da ta bari tsakaninsu, da Yayan da take amsawa. Ta ce babu, a rubuta sunanta, a zo a ga daɓe, wataƙila a bar mata makarantar da gaisuwar safe har ƙarshen ranta. Ba ma wanda zai kira shi ƙarya, sai a ce kunya ce.

Amma tun da ta haife shi ba a taɓa tambayarta ba. Kowa ya sani a garinsu, don haka ba mai tambaya, ita kuma ba ta taɓa faɗa ba. Shiru ta yi ta yi, ba ta taɓa buɗe baki ta ce ba nata ba ne. Yau ga shi an tambaye ta, a gaban jama'a, yana tsaye yana ji. Ta ji in ta ce babu, to ta tabbata, kuma shi zai tafi da ita a kunnensa har ya mutu. Ta buɗe baki, kalmar ta ƙi fita.

"Ni na haife shi," ta ce.

Lasifikar ta kai maganar har ƙofa. Dattijon nan na baya ya ce, "Allahu akbar, ɗan fari ne," a hankali, amma kowa ya ji. Malama Siddiƙa ta rasa inda za ta sa fuskarta. Ta ce Inna ta yi haƙuri, sharaɗin ba ita ta kafa shi ba, amma akwai lokaci, Malam zai iya samo wani daga garin. Zakiyyu ya ce, "To, mun gode," ya zauna. Bai gaya mata babu wanin ba.

Da aka tashi ya ce motar Sandamu sai yamma, ta hau ya kai ta. Wannan karon ba ta yi gardama ba, ƙarfinta ya ƙare. Ta zauna a baya ta riƙe ƙarfen babur, ba ta taɓa rigarsa ba. Har suka wuce gonakin gero suka shiga gari bai ce uffan ba. Ta sauka a ƙofar gida ta shige, zuciyarta tana gaya mata ta rusa masa aiki, kuma ya ji haushi.

Maiturare da ta ji labari ta riƙe haɓa. "Shekara da shekaru ana roƙonki ki faɗa kin ƙi, sai ranar da ake so ki yi shiru!" Ta yi dariya har da hawaye, daga baya dariyar ta tsaya, hawayen suka ci gaba.

Ba a kai takardar ba. Zakiyyu ya ce ba zai je ya tsayar da wani baffansa na garin ya ce bai san shi ba. Safiya ta ci gaba da zuwa kamar da, ina kwana, lafiya lau, moɗa, an gode. Sai dai Haulatu ta lura ya daina cewa Yaya. Gaisuwar yake yi gundum, ba suna a gabanta. Ta ɗauka fushin ne, ta haɗiye.

Bayan Salla maganar da ake tsoro ta tabbata. Yaran za su koma Sandamu, shi kuma an tura shi wata makaranta can bayan Mashi, kusa da iyaka, inda sai dai ya kwashe iyali. Ranar da zai tafi tana tsakar gida tana suyar ƙuli ta ji tsayuwar babur. Ta san zai tsaya a zaure ya yi sallama kamar kullum, Maiturare ta kawo sauran saƙon. Sai ta ga inuwarsa ta shigo. Ya cire takalmi, ya zauna a bakin tabarmarta, abin da bai taɓa yi ba.

"Inna," ya ce, "a ba ni ruwa."

Ta duba bayanta ko da wata yake. Ta tashi ta ɗebo a kwanon sha ta miƙa masa hannu da hannu. Ya shanye tas. Ya ce ɗakin da ya faɗa yana nan, duk inda ya je akwai shi. Ta ce ta ji. Ya ce zai riƙa zuwa in an yi hutu. Ta ce Allah ya kiyaye hanya, ya yi albarka. Ta so ta ƙara wani abu a ƙarshen addu'ar, ya ɗan jira, bai zo ba. Ya sa takalminsa ya fita, ƙulin yana ƙonewa a kasko ba ta sani ba.

Washegari ƙafarta ta tashe ta kamar kullum. Sai da ta kai rabin hanya da tulu a ka ta tuna babu mai sha. Ta tsaya, ta ga komawa ma wani aiki ne, ta ƙarasa. Ta juye ruwan a randa, ta rufe, ta ɗora moɗa. An kwashe bencina, ƙofar aji a buɗe. Ta shiga ta zauna a kan daɓen, yana da sanyi, yana ƙamshin makuba. Ta leƙa taga, ba kowa sai awakin wani suna cin ganyen darbejiya.

Nan ta gwada. Ta ce "Za," ta tsaya. Ta sake, harshenta ya harɗe a tsakiya, kamar yadda na matan nan ya yi ranar suna. Ashe ba ta ma iya faɗinsa ba. Ta gyara zama, ta share bakinta da gefen mayafi, ta yi ta maimaitawa a hankali ita kaɗai, har ya fito daidai.